Yadda ake haɗa manhajar OpenBMC daga tushenta, a gwada ta kafin a ɗora wa saba

A cikin kusan kowace sabar zamani, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, akwai wata 'yar kwamfuta da ba ta barci. Da zarar an soka filogi, tun kafin kowa ya taɓa maɓallin kunnawa, ita ta riga ta tashi. Sunanta BMC, wato Baseboard Management Controller. Ita ce ke duba zafin injin, ta ƙara wa fankoki gudu ko ta rage, ta kunna sabar ko ta kashe ta, ta kuma bai wa mai kula damar ganin allon sabar daga wata ƙasa kamar yana zaune a gabanta. Galibi wani cif ne na kamfanin ASPEED, irin su AST2500 da AST2600, ko na Nuvoton. Duk wanda ya riƙe BMC ya riƙe sabar gaba ɗaya, ko da bai san kalmar sirrin komai da ke kanta ba.

Abin da ya dame ni tun da na fahimci wannan shi ne, manhajar da ke tafiyar da wannan cif ɗin, wadda ake kira famwaya, a mafi yawan injuna a rufe take. Ba ka ganin abin da aka rubuta a ciki, kuma ranar da mai kayan ya daina fitar da gyara, haka za ka ci gaba da amfani da ita da duk ramukan da ke jikinta. Ba zato ba ne. A 2019 an bayyana wata ɓaraka mai lamba CVE-2019-6260 a cif ɗin AST2400 da AST2500, wadda ke bai wa duk wanda ya samu iko da manhajar sabar damar kutsawa cikin ƙwaƙwalwar BMC kai tsaye. OpenBMC ita ce hanyar fita: cikakkiyar Linux ce da aka ƙera don BMC, tushenta a buɗe. Injiniyoyin Facebook sun fara tasu a 2014, IBM da Rackspace suka yi tasu a 2015, sannan a 2018 aikin ya koma ƙarƙashin Linux Foundation da goyon bayan IBM, Intel, Microsoft, Google da Facebook.

Za mu haɗa ta daga tushe, mu tayar da ita a kan injin kwaikwayo, mu canza wani abu a cikinta mu ga canjin da idonmu. Maganar ɗora ta a kan allo na gaske, wato babban allon lantarkin da ke cikin saba, sai a ƙarshe, kuma da sharuɗɗa.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Linux. Ubuntu, Debian ko Fedora duk suna yi. Abu biyu ne ba a rowa da su: faifai da RAM. Ka ware sararin da ya kai gigabait 100 ko fiye, a kan SSD in da hali. RAM kuwa, gigabait 16 shi ne inda hankali ke fara kwanciya. Ƙasa da haka ma ana yi, amma sai ka rage yawan ayyukan da ke tafiya lokaci guda, zan nuna yadda ake yi.

Dalilin wannan ci shi ne OpenBMC tana kan Yocto ne, wato tsarin haɗa Linux don ƙananan na'urori, kuma Yocto ba ya yarda da kayan da ya tarar a kwamfutarka. Shi zai fara ƙera nasa kayan haɗin, har da kwamfaila, wato manhajar da ke juya tushe zuwa abin da cif ke ganewa, wadda a nan take fitar da manhajar ARM, irin na'urar da ke cikin BMC, sannan ya yi amfani da su ya haɗa U-Boot mai tayar da cif ɗin, kanel wato zuciyar Linux, systemd mai tayar da ayyuka, D-Bus da manhajoji ke magana ta cikinta da ɗaruruwan ƙananan manhajoji. Daga ƙarshe duk wannan tulin ya matse ya zama fayil ɗaya mai megabait 32.

A kan Ubuntu ko Debian, ka saka waɗannan:

    sudo apt install git gcc g++ make file wget gawk diffstat bzip2 cpio chrpath zstd lz4 python3 qemu-system-arm

Kada ka yi haɗin a matsayin root, wato asusun da ke da iko da komai a Linux. BitBake, wato injin da ke jan ragamar aikin, zai ƙi tashi ma. Haka nan yana son tsarin harshen kwamfutar ya kasance na UTF-8. In ya yi ƙorafi a kan wannan, `sudo locale-gen en_US.UTF-8` na warware shi.

Ɗauko tushen da zaɓen inji

    git clone https://github.com/openbmc/openbmc
    cd openbmc

Kafin ka ci gaba, ka ɗan leƙa abin da ka ɗauko da `ls`. Za ka ga foldoji masu yawa da sunansu ya fara da meta-. Kowace ɗaya shimfiɗa ce, kuma Yocto yana jera su ne ɗaya bisa ɗaya, ta sama tana iya gyara abin da ta ƙasa ta faɗa. meta-phosphor ita ce zuciyar OpenBMC. meta-aspeed da meta-nuvoton sun san cif-cif ɗin. Sai na kamfanoni, irin su meta-ibm, meta-facebook, meta-ampere, meta-asrock, kowace da allunan da take tallafawa. Wanda ya gane wannan jerin tun farko ba zai riƙa ɓata ba idan kuskure ya taso.

Don ganin sunayen dukkan injunan da ake da su:

    . setup

Lura da ɗigon da ke gaba, da tazarar da ke tsakaninsa da kalmar. Ba ado ba ne. Shi ke sa saitin ya zauna a cikin taminar da kake ciki. In ka bar shi, umarnin bitbake ba zai samu ba.

Mu za mu ɗauki romulus. Allo ne na IBM mai na'urar sarrafawa POWER9, BMC ɗinsa AST2500 ne, kuma QEMU, wato injin kwaikwayon da za mu yi amfani da shi, ya iya kwaikwayonsa sosai, shi ya sa masu koyo ke farawa da shi.

    . setup romulus

Wannan zai buɗe folda build/romulus ya kai ka ciki. Duk lokacin da ka buɗe sabuwar tamina sai ka koma openbmc ka sake wannan umarnin. Ba ya goge komai.

Gyaran local.conf, kafin a taɓa komai

A nan ne nake so ka dakata, domin minti biyar a wannan fayil ɗin na iya cece ka daga asarar yini guda. Buɗe conf/local.conf ka ƙara waɗannan a ƙasa, ka sa sunan foldarka a inda ya dace:

    DL_DIR = "/home/sunanka/yocto/downloads"
    SSTATE_DIR = "/home/sunanka/yocto/sstate"
    BB_NUMBER_THREADS = "4"
    PARALLEL_MAKE = "-j 4"
    INHERIT += "rm_work"

DL_DIR shi ne rumbun da ake tara duk abin da aka sauko daga intanet. SSTATE_DIR kuma rumbun ayyukan da aka riga aka gama. In ka bar su a cikin build/romulus, ranar da ka goge foldar don ka fara sabo, komai ya tafi, sai ka sake saukowa ka sake haɗawa daga farko. In suna waje, haɗi na biyu kan ɗauki mintuna maimakon sa'o'i, kuma in ka koma wani inji mai cif iri ɗaya zai ci moriyar mafi yawan abin da aka tara.

Layuka biyun tsakiya su ne linzami. Na farko yana faɗin resipi nawa za a yi aiki a kansu lokaci guda. Resipi shi ne fayil mai ƙarewa da .bb da ke bayanin inda za a samo wata manhaja da yadda za a haɗa ta. Na biyu yana faɗin hannu nawa kowane resipi zai yi aiki da shi. Lissafin ninkawa ne: huɗu sau huɗu, kwamfaila goma sha shida na iya tashi tare. In ba ka sa komai ba, Yocto zai ɗauki adadin ƙwayoyin na'urarka a duka biyun.

Na taɓa barin su haka a kan kwamfuta mai ƙwayoyi da yawa amma RAM kaɗan. Na bar aikin yana tafiya da dare, da safe na tarar da jan rubutu ya cika allo, a tsakiyarsa layi ɗaya: `Killed signal terminated program cc1plus`. Na ɗauka tushen ne ke da matsala, na yi ta bincike a inda ba nan take ba. Ashe RAM ce ta ƙare, Linux ya kashe kwamfailar don ya ceci kansa. Manhajar bmcweb, wadda ke ba da Redfish, wato ƙa'idar sarrafa saba daga nesa, ita kaɗai tana cin gigabait da dama wajen haɗi. In ka ga wannan saƙon, ka rage lambobin nan biyu, ka ƙara swap, wato sararin faifai da ke agaza wa RAM, ka sake. Babu abin da ya lalace.

Layin ƙarshe, rm_work, yana share tarkacen kowane resipi da zarar an gama shi. Yana ceton faifai ƙwarai. In faifanka na da yalwa kuma kana son ka riƙa leƙa abin da aka haɗa, ka bar shi a cire.

Haɗin kansa

In intanet ɗinka na yankewa, ka raba aikin biyu. Fara da saukowa kawai:

    bitbake obmc-phosphor-image --runall=fetch

In ya tsinke ka sake bugawa, zai ɗora daga inda ya tsaya. Idan ya kammala:

    bitbake obmc-phosphor-image

Da farko zai ɗan yi shiru yana karanta resipi. Daga nan sai ka ga ƙidaya tana tafiya, ayyuka dubbai, da sunaye irin su do_fetch, do_configure, do_compile, do_package suna wucewa. A karon farko sa'o'i ne, yawansu ya danganta da ƙarfin injinka. Ka tafi wani aikin. Gargaɗi mai launin rawaya ba ya tsayar da komai, ja ne ke tsayarwa.

Masu Ubuntu 24.04 kan ci karo da wani saƙo tun a bakin ƙofa, cewa BitBake ya kasa amfani da user namespaces, wataƙila saboda AppArmor. Wani tsaro ne da aka ƙara a wannan fitowar. Ana sassauta shi da:

    sudo sysctl -w kernel.apparmor_restrict_unprivileged_userns=0

Wannan na komawa yadda yake idan aka sake kunna kwamfutar, kuma gara haka, tun da tsaro ne ka sassauta.

Idan wani resipi ya faɗi, kada ka tsaya a layin ƙarshe na jan rubutun. BitBake yana ba da hanyar wani fayil, galibi mai suna log.do_compile a cikin folda temp ta wannan resipin. Buɗe shi ka nemi kuskuren farko, domin sauran duk 'ya'yansa ne. In kana zargin ragowar wani tsohon haɗi ne ya gurɓata aikin, `bitbake -c cleansstate sunan-resipi` zai wanke wannan resipin kaɗai. Ba sai ka rushe gida don ɗaki ɗaya na yoyo ba.

Idan komai ya tafi daidai, kayanka na nan:

    ls -lh tmp/deploy/images/romulus/

Biyu ne suka fi shafarmu. obmc-phosphor-image-romulus.static.mtd shi ne hoton, wato kwafin abin da zai zauna a cif ɗin filash, ma'ajiyar famwayar BMC, gaba ɗaya, daga baitin farko zuwa na ƙarshe: U-Boot, kanel, ɓangaren da ba a rubutu a kansa, da ɓangaren da saituna ke zama. Wanda ya ƙare da .static.mtd.tar kuma ƙunshi ne na sabuntawa, don BMC da ta riga ta kasance a kan OpenBMC.

Tayar da ita a QEMU

Ka kwafi hoton zuwa wani wuri, saboda QEMU zai riƙa rubutu a kansa kamar cif na gaske:

    cp tmp/deploy/images/romulus/obmc-phosphor-image-romulus.static.mtd ~/gwaji.mtd

    qemu-system-arm -M romulus-bmc -nographic \
      -drive file=$HOME/gwaji.mtd,format=raw,if=mtd \
      -net nic -net user,hostfwd=:127.0.0.1:2222-:22,hostfwd=:127.0.0.1:2443-:443

U-Boot zai fara magana, kanel ya biyo baya, sai systemd ya shiga jera ayyukansa da koren OK. Wasu za su nuna gazawa, kuma ba abin damuwa ba ne, domin babu fanka ko na'urar POWER9 ta gaske a bayan wannan BMC ɗin. Idan aka nemi suna, ka sa root. Kalmar sirri 0penBmc ce, harafin farko sifili ne ba O ba. Mutane da yawa sun sha wahala a kan wannan sifilin.

Da ka shiga, ka buga `cat /etc/os-release`. Lambar da za ka gani daga git ɗinka ta fito, shaidar cewa wannan naka ne. Sai `obmcutil state`, ya nuna maka halin BMC da na sabar da take tsammanin tana riƙe da ita. `busctl tree xyz.openbmc_project.State.BMC` kuma zai buɗe maka ƙofar D-Bus, wadda ta cikinta ne duk manhajojin OpenBMC ke magana da juna. Wanda zai yi aiki da OpenBMC da gaske, a nan zai fi zama.

Daga wata taminar ka gwada ta waje:

    ssh -p 2222 root@127.0.0.1
    curl -k -u root:0penBmc https://127.0.0.1:2443/redfish/v1/Managers/bmc

Amsar ta biyu Redfish ce, ƙa'idar da ƙungiyar DMTF ta fitar a 2015 don maye gurbin IPMI, wadda ke nan tun 1998. Don fita daga QEMU, danna Ctrl da a tare, ka saki, ka danna x.

Canza wani abu

Haɗa abin da wasu suka rubuta ba tare da ka taɓa shi ba rabin amfani ne. Mafi sauƙin canji shi ne ƙara manhaja. A local.conf:

    IMAGE_INSTALL:append = " strace"

Tazarar da ke bayan alamar zance ta farko dole ce, in babu ita sunan zai manne da na gabansa. Sannan in ka ga tsohon bayani a intanet yana rubuta _append da layin ƙasa, ka san an sauya salon zuwa ɗigo biyu tun Yocto 3.4 a 2021, tsohon ba ya aiki yanzu. Ka kuma tuna megabait 32 ne kawai. In ka cika kaya, haɗin zai tsaya a ƙarshe ya ce hoton ya fi wurinsa girma.

Don taɓa tushen wata manhaja, akwai devtool:

    devtool modify phosphor-state-manager

Zai ajiye maka tushen a workspace/sources/phosphor-state-manager, a matsayin git na kansa. Buɗe bmc_state_manager_main.cpp, ka ƙara layi ɗaya a farkon main da zai buga wani saƙo naka, ka sake `bitbake obmc-phosphor-image`. Wannan karon mintuna ne. Ka sake kwafar hoton, ka tayar da QEMU, ka nemi saƙon a rajistar tsarin da `journalctl | grep`, ka sa kalma ɗaya daga saƙon a bayansa. Ranar da na fara ganin jimlata a cikin wannan rajistar ne na yarda cewa wannan cif ɗin ba sihiri ba ne. Idan ka gama, `devtool reset phosphor-state-manager` zai mai da komai yadda yake.

Gyaran da kake so ya dawwama kada ka yi shi a cikin meta-phosphor ko shimfiɗar wani. Ka buɗe taka da `bitbake-layers create-layer`, ka shigar da ita da `bitbake-layers add-layer`, ka zuba gyare-gyarenka a fayilolin .bbappend. Ta haka in ka jawo sabon tushe da git ba za ku yi karo ba. Ka kuma rubuta lambar commit ɗin da ka yi haɗi a kansa, domin reshen master na motsi kullum, abin da ya haɗu yau ba lallai ya haɗu bayan wata guda ba.

Allo na gaske

Sharaɗi na farko ba ya da sassauci: sunan allonka ya kasance a jerin da `. setup` ya nuna, ko kuma ka shirya rubuta masa tallafi da kanka. Kasancewar cif ɗin iri ɗaya ne bai isa ba. Alluna biyu masu AST2500 na iya bambanta a kan wace ƙafa ce ke kunna wuta, wace hanyar I2C, wato layin da cif-cif ke magana ta kansa, ce ke kai wa ma'aunin zafi, fanka nawa ne kuma ina aka ɗaura su. Hoton romulus a kan allon da ba romulus ba zai iya barin ka da sabar da ba ta kunnuwa, ko wadda ta kunnu fankokinta na tsaye, kuma ta biyun ta fi haɗari. Wasu masu ƙera saba kuma suna kulle BMC ta yadda ba ta karɓar famwayar da ba sa hannunsu a kai. Irin waɗannan a bar su.

Sharaɗi na biyu, ka kwashe abin da ke kan cif ɗin kafin ka rubuta komai. Cire filogin sabar gaba ɗaya, kashe ta da maɓalli bai isa ba tun da BMC na nan a farke. Nemo cif ɗin filash na BMC, yawanci kusa da na ASPEED yake, kuma masu megabait 32 sau da yawa ƙafa goma sha shida gare su, don haka matsen da ake kama cif da shi don karanta shi, in mai ƙafa takwas ne, ba zai kama ba. A kusurwa ɗaya ta cif ɗin akwai ɗan ɗigo, nan ce ƙafa ta ɗaya, jar wayar matsen a nan za ta sauka. Ka tabbatar ba cif ɗin BIOS ka kama ba, domin kamanninsu ɗaya. In da na'urar CH341A, mai karanta cif ta USB, za ka karanta, ka auna wutar da take fitarwa tukuna: da yawa daga cikinsu na tura bolt 5 a layukan bayanai, alhali cif ɗin na bolt 3.3 ne.

    flashrom -p ch341a_spi -r asali1.bin
    flashrom -p ch341a_spi -r asali2.bin
    sha256sum asali1.bin asali2.bin

Sai lambobin biyu sun zo daidai za ka yarda da karatun. In sun saɓa, matsen bai zauna ba, ko kuma wutar na'urar tana ƙoƙarin tayar da BMC ɗin suna rububin cif ɗin. Ka gyara ka sake. Ka ajiye asali1.bin a wuri biyu. Ka kuma rubuta adireshin MAC na BMC tun tana kan tsohuwar manhajar, saboda a wasu alluna a cikin wannan cif ɗin yake zaune, sabon hoto zai shafe shi.

Bayan haka ne za ka rubuta:

    flashrom -p ch341a_spi -w obmc-phosphor-image-sunan-allo.static.mtd

flashrom zai goge, ya rubuta, ya sake karantawa ya tabbatar. Jira har ka ga VERIFIED. Kafin ka mai da wuta, ka haɗa wayar siriyal a kan ƙafafun UART na BMC, inda take fitar da saƙonnin tashinta, gudu 115200, don ka ga tashin farko da idonka. In ta maƙale, a nan kaɗai za ta faɗa maka dalili, kuma asali1.bin na nan don komawa.

Daga wannan ranar ba ka ƙara buƙatar matse. Sabuntawa ta gaba da fayil ɗin .static.mtd.tar ake yi, ta Redfish, a adireshin da /redfish/v1/UpdateService ya nuna a ƙarƙashin HttpPushUri.

Saura abu uku kafin sabar ta shiga aiki. Canza 0penBmc nan take da `passwd`, domin duk duniya ta san ta. Makullin da ake sa wa hoton hannu da shi in ba ka ba da naka ba yana cikin tushen da kowa ke iya saukowa, don gwaji aka yi shi, saboda haka ka ƙirƙiri naka ka haɗa da shi, ka ɓoye shi a wajen git. Sannan wayar BMC ta hau hanyar sadarwa ta masu kula kaɗai, kada ta taɓa fuskantar intanet kai tsaye. In ka gama waɗannan, ka kunna sabar da `obmcutil poweron`, ka ɗora mata aiki mai nauyi na sa'o'i, kana kallon ma'aunan zafi ta Redfish, kunnenka kuma na kan fankoki ka ji ko suna ƙara gudu idan zafin ya hau.